Shekara Shida a Kan Fako

Ranar da na tono dashe na farko da ya mutu, abin da na tarar a ƙasa ya fi mutuwar ba ni haushi. Saiwar ba ta taɓa fita daga siffar ledar da aka raine ta a ciki ba. Ta naɗe, ta sake naɗewa a kanta kamar gammo, 'yar ƙasar da ke tsakiyarta ta bushe ƙamas, ƙasar filin kuwa ko silin saiwa ɗaya bai shige ta ba. Na tono na biyu, haka. Na tono na biyar, haka. Ashe wata bakwai na yi ina jigilar ruwa ina zuba wa itatuwan da ke zaune cikin tukunyar da idona ba ya gani.

Filin kadada uku ne da 'yan kai, kuma ya faɗo hannuna ne don babu mai so. Rabinsa fako, irin wanda in ka sara da fartanya sai ta yi tsalle ta dawo maka. Sauran yashi ne da tumfafiya da wasu 'yan dunƙule-dunƙulen ganye da ake sassabewa duk shekara. Kwazazzabo ya ratsa shi ta kudu, kowace damina sai ya ƙara ci. Ni kuwa a lokacin kaina cike yake da karatu. A 2019 kwamitin masana na duniya kan halittu, wanda ake kira IPBES, ya fitar da rahoton da ya zaga ko'ina: nau'in dabbobi da tsirrai kusan miliyan 1 na fuskantar ƙarewa, kuma kashi 75 cikin 100 na doron ƙasa ɗan Adam ya riga ya sauya masa kamanni sosai. Na karanta, hankalina ya tashi, na ce to ga tawa gudummawar, zan mayar da filin nan daji. A lissafina na lokacin, daji itatuwa ne, itatuwa kuwa dasa su ake yi.

Dashe 600 na kwaso daga wani wurin renon itatuwa. Ban zaɓa ba, abin da ke akwai aka loda mini: dogon yaro, turare, da wata ƙaya da mai wurin ya yi ta yabo, wai ko an manta da ita ba ta mutuwa. Na ja igiya, na jera su layi-layi kamar 'yan fareti, na ɗauki hotuna. Kafin bazara ta fita, waɗanda suka rage da rai ba su kai 40 ba, kuma mafi yawansu ƙayar nan ce.

Wani abokina ne ya haɗa ni da wata malama mai binciken tsirrai. Ta zo da sassafe, da takalmin roba da ɗan littafi, ta zaga filin kusan awa guda ba ta ce uffan ba. Ni ina biye da ita ina ta bayanin ƙarancin ruwa da ɓarnar awaki. Da muka dawo inda muka fara sai ta ce, "Malam, itatuwan da ke nan kafin naka, me ya kashe su?"

Na ce fari.

Ta nuna mini wani ƙaton gawo da ke tsaye can bayan iyakata. "Farin tsallake wancan ya yi ya zo naka?"

Na rasa ta cewa. Ta ce a rahoton nan da nake ta ambato, abubuwa biyar aka lissafa masu cinye halittu: sauya yadda ake amfani da ƙasa da teku, ɗiba fiye da kima, sauyin yanayi, gurɓata muhalli, da baƙin halittu masu mamaya. "Uku na farko ka tarar da su a nan. Biyu na ƙarshe kai ka kawo." Ta nuna ledojin dashen da iska ta watsa suka maƙale a jikin tumfafiya, sannan ta nuna ƙayar da nake alfahari da ita. Ba ta yi dariya ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi.

Sai ta ciro gwangwani da aka yanke wa gindi, ta danna bakinsa a kan fako, ta zuba ruwa kofi ɗaya, ta duba agogo. Bayan minti 15 ruwan na nan zaune yana kallonmu. Ta ɗauke gwangwanin ta kai gindin ɗaya daga cikin dunƙulen ganyen da nake rainawa, ta zuba kofi ɗaya, kafin mu gama gyara tsayuwa ya shanye. Ta ce ruwan sama yana sauka a filin nan daidai da yadda yake sauka a ko'ina, shiga ne ba ya yi. Fatar ƙasar ta toshe, ruwan yana gudu a kanta, shi ne yake taruwa ya tafi ya ci kwazazzabon.

Aikin farko da ta ba ni babu fartanya a cikinsa. Ta ce in nemi mutum uku, matashi da magidanci da tsoho, in tambayi kowanne abin da ya san yana filin nan a da. Matashin ya ce shi dai tun tasowarsa haka ya ga wurin. Magidancin ya tuna gawo da aduwa da kalgo, ya ce akwai inuwa a da. Tsohon wani makiyayi ne da ya fi shekara 70, shi kuwa sai da na nemi wurin zama. Ya lissafa marke da madobiya da taura, ya ce kanya da ɗinya sun yi layi a inda kwazazzabon yake yanzu, don a lokacin rafi ne mai riƙe ruwa har tsakiyar rani. Ya ce gada na kwana a wurin, zabin daji kuwa in suka tashi sai ka ɗauka hadari ne. Mutum uku, fili ɗaya, kowanne yana ganin abin da ya buɗe ido ya tarar shi ne asali. Malama ta ce masana sun san wannan cuta. Wani masanin kifaye, Daniel Pauly, ya bayyana ta a 1995, da ya lura kowane rukunin masu bincike yana ɗaukar yawan kifin da ya tarar a farkon aikinsa a matsayin ma'auni, don haka asarar da ta gabace shi ba ta shiga lissafi. Ma'aunin yana ta gurgusowa ƙasa, ba wanda ya ankara. Ni da ban je wurin Baba, tsohon makiyayin nan, ba, da dogon yaro zan cika wurin in ce na dawo da daji.

Daga nan muka koma kan dunƙulen ganyen. Ta sa na durƙusa, na buɗa ɗaya da hannu. A tsakiya akwai kututture mai kaurin cinyata, baƙi, duk jikinsa tabon gatari, tohon da ya fito daga gare shi ya fi 20. Kalgo ne. Na gaba sabara, na gaba magarya, can kuma aduwa. Itatuwa ne da aka sare shekara da shekaru, amma saiwarsu na nan a raye, ta yi nisa cikin ƙasa har inda damshi yake. Kowace shekara suna yunƙurin tashi, kowace shekara a sassabe su ko dabba ta cinye. Na ƙirga irinsu sama da 200 a filin da nake cewa babu komai a cikinsa.

Wannan fasaha tana da tarihi. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya sha wahalar dashen da ke mutuwa a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, ya tsaya rage wa tayar motarsa iska don ya ratsa yashi, idonsa ya faɗa kan irin wannan dunƙule, ya gane itace ne. Manoman yankin suka ɗauki abin suka yaɗa shi a tsakaninsu, suna kiransa sassaben zamani, har aka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan kadada kusan miliyan 5 a ƙasar. Mafi yawansu ba wanda ya dasa.

Yadda ake yi ba wuya, amma akwai inda ake kuskure, kuma duk na yi su. Za ka duba tohon ka zaɓi uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran. Waɗanda ka bari, ka rage musu rassan gefe har zuwa rabin tsawonsu, kada ka wuce, in ka tsige su tas iska za ta karya su, dabba kuma ta lanƙwasa. Wuƙa ko lauje ya kasance mai kaifi sosai, kuma daga ƙasa ake yankowa zuwa sama. Ni da farko daga sama nake sarowa, sai reshen ya tafi da ɓawon ya yage shi har gindi, nan ƙwari ke samun ƙofa. Sai ka ɗaure waɗanda ka bari da ɗan tsumma, don su tallafi juna, don kuma mai wucewa ya san akwai mai kula. Bayan wata uku ko huɗu ka dawo, don sabon toho zai sake fitowa a gindin. Abin da ya ba ni mamaki shi ne sauri. Ƙarfin saiwar da a da yake rabuwa gida 20 yanzu ya koma gida huɗu. Magaryar da na gyara tana iya gwiwata, a ƙarshen damina ta biyu ta wuce kaina. Dogon yaron da na shayar wata bakwai bai taɓa kai ƙuguna ba.

Fakon shi ya fi cin rai, don can babu kututture ko ɗaya. Nan muka haƙa rabin wata: rami mai siffar jinjirin wata, faɗinsa wajen taku huɗu, zurfinsa kamar taƙi ɗaya, ƙasar da aka ciro a tara ta a bayansa ta zama kunya, bakinsa kuma ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa. Ana jera su ne a sassaɓe, na layin ƙasa ya tare ruwan da ya kuɓuce tsakanin biyu na layin sama. Layina na farko da ido na auna shi. Ruwan farko mai ƙarfi ya taru a ƙaho ɗaya na kowanne, ya fasa, ya haɗu ya yi sabuwar hanya zuwa kwazazzabon, wato na taya shi aiki. Sai da na koyi awo da siririn tiyo mai haske da aka cika da ruwa aka ɗaura bakunansa a sanda biyu. Inda ruwan ya daidaita a sandunan biyu, nan ƙasar take daidai, nan ƙahonin biyu za su zauna.

Tsakanin rabin watan muka yi ƙananan ramuka, faɗin taƙi da rabi, muka zuba taki cikin tafin hannu biyu a kowanne, muka rufe da rassan da na yanko wajen gyaran toho. Wannan ita ce dabarar da Yacouba Sawadogo na yankin Yatenga a Burkina Faso ya inganta ya farfaɗo da fako da ita har ya zama daji. Shi da Rinaudo duk sun karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, Sawadogo kuma ya rasu a Disambar 2023. Bayan sati biyu na ɗaga rassan na ga gara ta cika wurin, ta lulluɓe komai da ginin ƙasa. Na kira Malama a waya ina tambayar maganin da zan fesa. Ta ce, "Malam, ma'aikata ka samu kyauta kana neman korarsu?" Gara ke janyo takin da kararen zuwa ƙasa, tana huda fakon da ƙananan hanyoyi, ta nan ruwa ke bi ya shiga. Abin da fartanyata ta kasa, ita ta yi shi a damina biyu. Ciyawar farko da ta fito ƙarangiya ce, ba abin so ba, amma ta riƙe ƙasa. Bayanta kyasuwa ta shigo. A shekara ta huɗu na dasa 'yan gutsattsarin gamba a bayan kunyoyin, suka kama.

Sai kuma na yi wani kuskuren, wanda ya fito daga nasarar kanta. Na kewaye filin da shingen ƙaya, na hana kowace dabba shiga, ina ganin duk bakin da ya taɓa ciyawa abokin gaba ne. Damina biyu ciyawa ta taru, ta bushe a tsaye, ta kwanta a kan ta bara. Wata rana da hunturu wuta ta tashi daga wajen shinge, iska ta ɗauko ta, cikin ƙasa da awa ɗaya ta lashe kashi ɗaya cikin uku na filin. Manyan tohon sun sha da ƙyar, ƙananan sun ƙone ƙurmus. Washegari Baba ya zo ya tsaya a bakin tokar, ya jima yana kallo, sannan ya ce, "Yaro, ciyawar da ba a ci ba, wuta ke cin ta."

Da shi muka yi yarjejeniya. Shanunsa za su shiga bayan ciyawa ta zubar da iri, su yi 'yan kwanaki a ɓangare ɗaya, a matsar da su, ba za su kwana wuri ɗaya har su tattake shi ba. Awaki kuwa sai itatuwa sun fi ƙarfin bakinsu. Ni kuma kafin ciyawa ta bushe nake share hanyar wuta mai faɗin taku shida a kewaye. Shigar shanun ta zo da ribar da ban yi tsammani ba. A damina ta gaba na ga 'yan gawo suna fitowa daga cikin tsohon kashin shanu. Ƙwayar gawo ɓawonta tauri gare shi, wucewa ta cikin dabba na taimaka mata ta tsiro, ga ta kuma ta sauka da takinta. Gawo kuwa itace ne mai halin kansa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, saiwarsa kuma na tara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Malama ta kuma hana ni cike kowane sarari da itace. Ta ce wannan wuri asalinsa itatuwa ne jefi-jefi cikin ciyawa, kuma akwai halittun da sararin suke bukata, irin su yautai da makwarwa da ke ƙwai a ƙasa. Cusa itatuwa a filin da asalinsa na ciyawa ne ɓarna ce ita ma, ko da hoton ya fi kyau.

Ƙayar nan da mai reno ya yaba ita ce ta fi ba ni wahala. Sunanta a wurin masana Prosopis juliflora, asalinta daga tsakiya da kudancin nahiyar Amurka, an kai ta ƙasashe da dama da niyyar tare hamada. A Baringo ta Kenya da yankin Afar na Habasha ta mamaye makiyaya ta toshe hanyoyin ruwa, dabbobi na cin 'ya'yanta suna watsa irin. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tawa a shekara ta uku ta fara 'ya'ya, ƙarƙashinta kuwa ko ciyawa ba ta fitowa. In ka sare ta sai ta yi toho fiye da da, halin da nake murna da shi a jikin kalgo shi ne ya zame mini masifa a jikinta. Dole a haƙa a ciro kan saiwar daga cikin ƙasa. Sati uku muka yi mu uku, hannuwana har yau da tabo, kuma duk damina sai na bi na tsige 'ya'yanta. A 2023 kwamitin IPBES ya sake fitar da rahoto a kan wannan matsala kaɗai: baƙin nau'o'i sama da 37,000 ɗan Adam ya kai inda ba nasu ba, sama da 3,500 cikinsu masu ɓarna ne, kuma suna da hannu a kashi 60 cikin 100 na ƙarewar halittun da aka rubuta. Da na karanta ban ji mamaki ba, ina da tawa shaidar a tafin hannu.

Tun shekara ta biyu Malama ta ɗora mini ƙidaya, kuma ita ce ɓangaren da na fi ƙi da farko na fi so daga baya. Na kafa turaku huɗu. A kowane turke nake ɗaukar hoto a wata ɗaya na kowace shekara, ina fuskantar gefe ɗaya. Ina da firam na katako mita ɗaya kowane gefe, in ajiye shi in rubuta duk tsiron da ke ciki. Da asuba in tsaya minti 10 a kowane turke in rubuta tsuntsun da na gani ko na ji. Gwangwanin nan ma ta bar mini shi. Ta kuma ce duk abin da na yi a filina in maimaita shi a wani fakon da ke kusa wanda ba a taɓa ba, don in shekara ta yi ruwa sosai ko'ina zai yi kore, kada in ɗauki kyautar damina in ce aikina ne.

A shekarar farko ta ƙidaya, kurciya ce da hankaka da 'yan wasu ƙalilan. Yanzu shafin ya cika ya juya: cilakowa, ragon maza, tsada, makwarwa da 'ya'yanta a jere, mujiya da ke kwana a aduwa. Amma in faɗi gaskiya, wani kaso na ƙaruwar idona ne ya buɗe, don a da duk ƙaramin tsuntsu mai ruwan ƙasa abu ɗaya ne a wurina. Abin da ba na shakka a kansa shi ne buzuzu. A da kashin shanu yakan bushe a filin ya zama kamar faifai ya shekara a wurin. Wata safiya na tsuguna kusa da wani sabo, na ga buzuzu biyu sun yanko dunƙule sun mulmula shi, ɗaya ya kafa kai a ƙasa yana turawa da ƙafafun baya, ɗayan yana maƙale a sama yana juyawa tare da shi. Suka ci karo da tushen gamba, dunƙulen ya kuɓuce ya gangara, mai turawar ya hau kansa ya zagaya kamar mai duba hanya, ya sauko ya ci gaba ta inda ya nufa tun farko. Na bi su taku bakwai har inda suka fara binne shi. Kafin azahar kashin nan ya ɓace, ya koma cikin ƙasa. Ruwan gwangwani kuma, a inda ya taɓa yin minti 15 yana zaune, yanzu ba ya kai uku.

To amma jerin da Baba ya lissafa mini yana nan a shafin farko na littafin, kuma rabinsa babu alamar dawowa. Marke da madobiya da taura ba su bar kututture ba, irinsu ya ƙare a cikin ƙasar, kuma babu uwa kusa da iska ko tsuntsu zai ɗauko daga gare ta. Malama ta ce filina tsibiri ne. Tun 1967 Robert MacArthur da Edward Wilson suka nuna cewa yawan nau'o'in da tsibiri ke riƙewa ya dogara da girmansa da nisansa daga inda sababbi za su zo. Daga 1979 Thomas Lovejoy da abokan aikinsa suka gwada wannan a dajin Amazon kusa da Manaus, suna bin gutsattsarin daji masu kadada 1 da 10 da 100 da aka yanke daga uwar dajin. Hatta mai kadada 100 ya rasa kusan rabin nau'in tsuntsayen da ke zama a ƙarƙashin inuwarsa cikin ƙasa da shekara 15. Ni uku gare ni. Gada ba za ta zauna a kadada uku da fako ya kewaye ba, komai kyan ciyawar.

A nan ne dashe ya dawo, amma da wata fuska. Na shiga neman iri. Ƙa'idar da aka ba ni ita ce in tara daga uwaye da yawa, 20 ko fiye, masu nisa da juna, don in duk 'ya'yan uwa ɗaya ne, cuta ɗaya ko fari ɗaya zai iya kwashe su gaba ɗaya. Marke na samu ba wahala sosai. Madobiya kuwa na yi tafiya mai nisa kafin in ga uku, duk an sassare musu rassa. Itacen ne da aka yi wa wawaso saboda katakonsa mai ja da ake fitarwa zuwa Sin, har aka sa shi a jeri na biyu na yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin halittun daji tsakanin ƙasashe daga 2017, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, kuma ta sa shi cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa a 2018. 'Ya'yansa kamar ɗan faifai suke, fiffike a kewaye, tsakiya da 'yan ƙayoyi. Na tsinci abin da na samu daga uwayen uku, na san bai cika ƙa'ida ba. Masu taurin ɓawo, irin bagaruwa, nakan ɗan ɓantare gefen ƙwayar da abin yanke farce ko in jiƙa su a ruwan zafi su kwana. Wasu na shuka kai tsaye a cikin rabin wata. Waɗanda na rena kuwa a dogayen leda na sa su, ban bar su sun wuce wata uku ba, kuma kafin kowanne ya shiga rami sai na duba gindinsa, in saiwar ta fara naɗewa in yanke naɗin. Dashe 50 na yi a wannan karon, ba 600 ba.

Shi ya sa yanzu in na ji sanarwar an dasa itatuwa miliyan kaza a rana ɗaya, tambayata ita ce wa zai koma ya ƙirga su bayan bazara ta uku. Ko shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, wanda aka fara zana shi a matsayin layin itatuwa na kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, daga baya ya karkata zuwa farfaɗo da ƙasa ta hanyoyi daban-daban, har da renon toho da tare ruwa. A Disambar 2022 ƙasashen duniya sun amince a Montreal cewa kafin 2030 kashi 30 cikin 100 na wuraren da suka lalace za su kasance ƙarƙashin aikin farfaɗowa. Ina fata su cika. Ina dai tsoron a auna shi da ledar da aka raba, don da wannan ma'aunin, shekarata ta farko ita ce mafi nasara.

Akwai kuma wanda babu irin da zan tara ya dawo da shi. Bara wani ɗan maraƙin Baba ya mutu a gefen filin. Kwana huɗu gawar na kwance, ƙudaje da karnuka kawai. Kullum in ya zo sai ya ɗaga kai ya duba sama. Ya ce a da kafin ka gama jan gawa gefe ungulu sun fara sauka. Ungulun da ya saba gani kuwa, tun 2015 take cikin jerin IUCN na masu dab da ƙarewa, guba da farautar sassan jikinta sun ci ta, ga shi ƙwai ɗaya take yi a shekara. A Indiya maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe sama da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulu uku kafin a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Tsuntsun da ke shawagin ɗaruruwan kilomita, kadada ukuna ba su da abin da za su yi masa. Mu muka haƙa rami muka binne maraƙin.

Cikin madobiyar da na dasa, tara ne suka ga bazara ta biyu. A farkon daminar bana ina tsige 'ya'yan ƙayar nan a ƙarƙashin babbar aduwa, inda tsuntsaye ke sauka da rana jemagu kuma da dare, sai na ga wani tsiro da ban sani ba, tsawonsa bai fi taƙi ba, ganyensa ya rabu kamar yatsu. Har na kama shi zan tuge, don 'ya'yan dogon yaro ma nan suke yawan fitowa, sai na fasa. Na je na kira Baba. Ya durƙusa da ƙyar, ya dafa sandarsa, ya murza ganye ɗaya ya kai hanci.

"Ɗinya ce."

Na ce, "Baba, ai babu ɗinya a duk kewayen nan."

Ya ce, "Ni ma ban ce akwai ba. Miƙo mini ƙayar can."

Muka kewaye ta da rassan magarya, ya danna su da sandarsa, ya sa na kawo duwatsu uku na tokare ta gefen da iska ke bugowa. Na buɗe littafin, na rubuta kwanan wata da lambar turken da ya fi kusa, na auna tsawonta da ɗan yatsa na rubuta. Awon gaba sai watan Maris, in ta kai.